Hukuncin Mahaɗi a Cikin Manhajar Waya

 Mas'alar da muka ɗauko yau mas'ala ce wadda, ko da yake a zahiri ta fi kama da sha'anin masu ƙera manhajojin waya, idan aka yi mata duba na tsanaki za a tarar ta shafi duk wanda ya taɓa ɗora yatsa a kan wani shuɗin rubutu, wato mahaɗi, a fuskar wayarsa, ya ga shafi ya buɗe, bai kuwa tsaya ya tambayi kansa a ina shafin nan ya buɗe ba, balle ya bincika wane ne ya ba da iznin buɗewarsa.

Ku sani, Allah ya ƙara muku fahimta, shafin intanet yana buɗewa a waya ta ɗayan hanyoyi biyu. Akwai burauza sananniya, irin su Chrome da Safari da Firefox da Opera Mini, wadda aikinta ke nan tun asali, kuma a samanta akwai ɗan fili inda take rubuta adireshin wurin da kake, domin ka karanta da idonka. Akwai kuma wata taga wadda mai ƙera manhaja yake dasawa a cikin manhajarsa, ta riƙa nuna shafukan intanet ba tare da ka fita ko'ina ba. A wayoyin Android, waɗanda su suka fi yawa a hannun mutanenmu, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, sunan wannan taga WebView, a iPhone kuwa WKWebView. Shafin sharuɗɗan da manhajar banki ke nuna maka, da shafin neman taimako, da wurin da kake rubuta lambar katinka idan ka zo biyan kuɗi, da labarin da ka danna a Facebook ya buɗe nan take, galibinsu a cikin irin wannan taga suke. Masu ƙera manhaja suna ƙaunarta saboda sauƙi, tun da shafi guda ya isar wa kowace irin waya, kuma idan sun so su canja wani abu a cikinsa ba sai sun sa jama'a sun sake sauke manhajar ba.

Tun daga Android 4.4, wadda ta fito a 2013, aka gina tagar a kan Chromium, wato tushen da Chrome kanta take a kai, sa'an nan daga Android 5.0 a 2014 aka ware ta, ta zama aba ce da ake sabuntawa ita kaɗai ta Play Store. Wanda yake shakkar yawan manhajojin da suka jingina da ita, sai ya tuna watan Maris na 2021, sa'ad da wani sabuntawa nata ya zo da aibi, aka wayi gari Gmail da ɗimbin manhajoji suna rufe kansu da zarar an buɗe su, a ƙasashe daban-daban, har sai da Google ya fitar da gyara. Apple kuwa ya kawo WKWebView a 2014 tare da iOS 8, kuma daga Afrilun 2020 ya daina karɓar sababbin manhajojin da aka gina da tsohuwar tagarsa, UIWebView.

To, abin da ya bambanta wannan taga da burauza, wanda kuma a kansa dukkan maganarmu ta yau ta rataya, shi ne ba ta zuwa da filin adireshi. In ka ga adireshi a samanta, mai manhajar ne ya zana shi da hannunsa, kuma abin da mutum ya zana da hannunsa yana da ikon ya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Ashe ke nan mai amfani da waya ya miƙa idonsa ga mai manhaja, shi kuwa mai manhaja ya ɗauki amana, ko ya sani ko bai sani ba. Misalinsa kamar maigida ne da ya saukar da kai a zaurensa, kai baƙo ne ba ka san mutanen garin ba. Duk wanda ya yi sallama yana nemanka, maigidan ne ya san ko ɗan gida ne a ce ya shigo, ko baƙo ne a ce ka fita ku gana a sarari inda kowa ke gani, ko kuwa wanda ya kamata a sallame shi tun daga bakin ƙofa. Kowane mahaɗi da ka danna, sallama ce irin wannan.

Waɗanda suka tsara Android da iPhone ba su gafala da wannan ba, don haka suka ajiye wa mai manhaja wurin yanke hukunci. A Android, sa'ad da aka danna mahaɗi, kafin tagar ta fara ɗauko sabon shafin, takan dakata ta sanar da manhajar da ta ɗauke ta, ta wani sashe na rubutun umarni mai dogon suna, shouldOverrideUrlLoading, ta nuna mata adireshin, ta jira amsa. Amsar kuwa ɗayan biyu ce tak: ko manhajar ta ce ba ruwana, ci gaba da buɗewa a nan ciki, ko ta ce dakata, na karɓi al'amarin, ni zan san yadda zan yi da shi. In mai manhajar bai naɗa wa tagar wakilin da zai amsa wannan tambaya ba sam, to Android kan miƙa adireshin ga wayar, ita kuma ta nemi wanda ya dace da shi, wanda galibi burauza ce. A iPhone ma haka tsarin yake, sai dai suna ya bambanta: can ana kiran wurin decidePolicyFor, amsar kuma ko a yarda ko a soke. Masu aiki da Flutter ko React Native, waɗanda matasanmu da yawa suka koyi sana'ar da su, su ma wannan hukunci ne dai suke yankewa, an sauya masa suna kawai.

Tambaya mai sauƙi, amsa mai sauƙi, amma hujjar da za a kafa amsar a kanta ita ce inda ƙafafun masana da yawa suka zame. A ƙa'ida, abin da ya kamata shi ne a bar shafukan mai manhajar su buɗe a ciki, na wasu kuma a tura su waje, wanda ke nufin dole manhajar ta iya rarrabe nata da na wani ta hanyar duba adireshi. Bari mu ƙaddara wani banki, wanda babu shi a duniya, adireshinsa bankinmu.com. Mai ƙera manhajarsa, saboda gaggawa, sai ya rubuta cewa duk adireshin da aka ga kalmar bankinmu.com a cikinsa, namu ne, a buɗe. Macuci kuwa, wanda ba shi da wani aiki sai nazarin irin wannan sakaci, sai ya yi rajistar wurinsa, ya kira shi wani-wuri.net, ya ƙirƙiri adireshin da zai karanta bankinmu.com.wani-wuri.net, sunan bankin yana ciki ɓaro-ɓaro, alhali mai wurin na haƙiƙa shi ne wanda sunansa ya zo a ƙarshe, domin adireshin intanet daga dama ake gane mai shi. Mai manhaja ya farga, ya ce to daga yau sai adireshin da ya ƙare da bankinmu.com, macucin ya koma ya sayi jabunbankinmu.com, wanda shi ma da waɗannan haruffa ya ƙare. Akwai ma dabara ta uku wadda ta fi waɗannan ɓuya, inda ake rubuta bankinmu.com, a bi shi da alamar nan ta a mai zagaye da muke gani a adireshin imel, sa'an nan a rubuta wani-wuri.net, domin a tsarin adireshi duk abin da ya gabaci wannan alama ana ɗaukarsa sunan mai shiga ne kawai, wurin da za a nufa shi ne abin da ya biyo bayanta.

Maganin wannan shubuha shi ne mai manhaja ya daina duban adireshi kamar jimla guda da ake neman kalma a cikinta. Ya ba da shi ga kayan aikin da tsarin wayar ya tanada don rarraba adireshi gaɓa-gaɓa, ya ciro sunan wurin shi kaɗai, ya gwada shi harafi da harafi da jerin wuraren da ya amince da su, in kuma zai yarda da rassa, to sharaɗi ne a sami ɗigo tsakanin sunan reshe da sunan uwa. Kana ya tabbatar adireshin ya fara da https, wato hanyar da ake kulle saƙo, ba http tsirara ba. Abin da ba ya cikin jerin, hukuncinsa na asali shi ne ba na gida ba ne. Na fi son wannan tsari nesa ba kusa ba a kan na masu tara jerin miyagun wurare su hana su, su ƙyale saura, don kuwa wuraren da ka amince da su ƙidayayyu ne, na macuta kuwa kullum sababbi ake haifa.

Ba kuma kowane mahaɗi ne yake kai mutum shafi ba. Akwai wanda ya fara da tel, manufarsa a kira lamba. Akwai mai farawa da mailto, don rubuta imel. Akwai na WhatsApp, akwai na Play Store. Tagar ita kaɗai ba ta san yadda za ta yi da waɗannan ba, kuma idan mai manhaja ya ce mata ta ci gaba da buɗe kome da kome a ciki, sai ta jefo wa mutum farin shafi da wani rubutun Turanci, ERR_UNKNOWN_URL_SCHEME, wanda na tabbata wasu daga cikinku sun taɓa cin karo da shi sa'ad da suka danna lambar wayar wani shago, suka ɗauka wayarsu ce ta lalace ko data ce ta ƙare. Wayar lafiyarta lau. Mai manhajar ne ya bar wata sallama ba wanda ya amsa ta. Wajibinsa ne ya tare irin waɗannan, ya miƙa kowanne ga manhajar da ta dace da shi, ya kuma tanadi abin da zai faɗa wa mutum cikin ladabi idan ya zamana babu irin wannan manhaja a wayar.

Sai dai miƙawar ma tana da nata fiƙihu, kuma a nan zan ɗan tsawaita, saboda ta shafe mu fiye da yadda ta shafi wasu. A watan Satumba na 2012, a wani taron masana tsaron na'urori da ake kira Ekoparty, a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, wani mai bincike mai suna Ravi Borgaonkar ya nuna wa mahalarta cewa shafin intanet zai iya ɗauke da mahaɗin tel wanda a maimakon lambar waya an cusa masa wata lambar umarni, irin mai farawa da tauraro ta ƙare da alamar gidan dara, kuma wasu wayoyin Samsung na lokacin, da zarar shafin ya buɗe, sukan zartar da lambar ba tare da an danna kira ba, su goge duk abin da ke cikinsu su koma kamar ranar da aka saye su. An gyara wannan aibi tun tuni. Amma ku dubi halinmu, mu da muke tura kuɗi, mu sayi kati, mu duba abin da ya rage a asusu, duk da irin waɗannan lambobi masu tauraro. A wurinmu lambar da aka kira tana iya zama kuɗi ne suka motsa. Android ta ba mai manhaja hanyoyi biyu na miƙa lamba: ɗaya tana buɗe wurin kira ne kawai, ta rubuta lambar, ta bar wa mai waya ya duba ya danna da kansa, ɗayar kuwa tana kira kai tsaye, kuma tana buƙatar izni na musamman. A ra'ayina, mahaɗin da ya fito daga shafin intanet bai cancanci hanya ta biyu ba ko kaɗan, ko da shafin na mai manhajar ne, domin shafi yana iya faɗawa hannun wani da dare, a wayi gari ba abin da aka rubuta jiya ne a cikinsa ba.

Haka nan akwai mahaɗi mai farawa da intent, wanda ya keɓanta da Android, mai ikon ambaton wata manhaja da wani sashe a cikinta ya ce a buɗe. Wanda ya zartar da shi yadda ya zo, ba tare da ya cire masa wannan ambato ba, yana iya buɗe wa baƙon shafi sassan manhajarsa na ciki waɗanda bai yi nufin kowa ya taɓa ba. Tagar kuma tana gaya wa manhaja wasu abubuwa masu amfani game da kowace buƙata: ko babban shafin ne zai canja ko wani ɗan gurbi ne a cikinsa, irin na talla, da kuma ko yatsan mutum ne ya jawo ta ko shafin ne ya motsa da kansa, an ƙara da bayanin ko wata sabar ce ta juya akalar tafiyar a Android 7.0 ta 2016. Tallan da ke fizge mutum ya jefa shi Play Store alhali bai taɓa kome ba, da wannan bayani ake taka masa burki.

Kada kuma mai manhaja ya ruɗu ya zaci wannan wurin hukunci yana ganin kome. Bayanin da Google ya rubuta da kansa ya faɗa ƙarara cewa ba a tambayar manhaja idan fom ne aka cika aka aika ta hanyar da ake kira POST. Shafukan zamani da yawa kuma suna sauya abin da ke fuskarsu da adireshinsu ba tare da sun ɗauko sabon shafi ba, tagar kuwa ba ta ɗaukar wannan a matsayin tafiyar da za ta nemi izni a kanta. Hotuna da rubutun umarnin da shafi ke janyowa suna da nasu mashigi dabam. Mahaɗin da aka rubuta don ya buɗe a sabuwar taga shi ma yakan buƙaci kulawa ta musamman, in ba haka ba a iPhone mutum ya yi ta danna shi ba abin da zai motsa. Muhimmancin sanin wannan iyaka yana bayyana ne idan muka tuna cewa manhajoji da yawa suna gina gada tsakaninsu da shafin, ta yadda shafin zai iya cewa a buɗe kyamara, ko a ba shi bayanin mai asusu. Gadar nan ba ta tambayar wane shafi ne yake takawa a kanta. Duk shafin da ya sami shiga tagar ya gaje ta. Kafin Android 4.2 ta 2012 ma, lamarin ya kai shafi yana iya bi ta gadar ya zartar da umarnin da mai manhaja bai taɓa buɗe masa ba. Saboda haka tagar da aka gina wa gada, haramun ne a bar ta ta yi yawo.

Tsanantawa fiye da kima ita ma tana da nata sharri, kuma wurin biyan kuɗi ne ya fi nuna shi. Mutum ya rubuta lambar katinsa a shafin kamfanin da ke karɓar kuɗin, shafin ya tura shi na bankinsa don ya shigar da lambar OTP da aka aiko masa, bankin ya mayar da shi. Tafiya ce mai zango uku ko huɗu, kuma mai manhaja bai san adireshin kowane banki ba. In ya toshe duk abin da ba nasa ba, sai mai saye ya tsaya yana kallon farin allo, ga lambar ta iso wayarsa, ba inda zai rubuta ta. A irin wannan hali maslaha ita ce a keɓe wa biyan kuɗi tagarsa dabam, wadda ba ta da gada, a bar ta ta bi zangunanta, manhaja kuma ta sa ido ga adireshin ƙarshe da aka yi alkawarin za a dawo gare shi, da ta gan shi ta rufe tagar. Amma ganin wannan adireshi ba shaida ba ce cewa an biya, tun da kowa yana iya rubuta shi. Shaidar da shari'ar ciniki za ta karɓa ita ce sabar mai manhaja ta tambayi sabar kamfanin kuɗin baki da baki.

Saura mas'alar kalmar sirri, wadda a kanta manyan kamfanoni suka riga suka yanke hukunci. Mai manhaja yana da ikon cusa rubutun umarninsa a cikin kowane shafi da ya buɗe a tagarsa, ya karanta abin da ake rubutawa a ciki. Don haka Google ya ba da sanarwa a 2016, ya fara zartarwa a 2017, cewa ba zai ƙara yarda a shiga asusunsa ta irin wannan taga don ba wata manhaja izni ba, wanda ya gwada sai ya ga an rubuta masa disallowed_useragent. A watan Oktoba na 2017 kuma hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da takarda mai lamba RFC 8252 wadda ta hana manhajoji yin hakan. A watan Agusta na 2022 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Felix Krause, ya wallafa bincikensa yana nuna cewa manhajojin Instagram da Facebook da TikTok na iPhone suna cusa rubutunsu a shafukan wasu da aka buɗe a cikinsu, na TikTok har yana iya lura da haruffan da ake dannawa. Adalci ne a faɗi cewa shi kansa bai ce ya tabbatar ana tara bayanan ba, TikTok kuma ya ce don gano matsaloli da auna ingancin aiki ne aka sa rubutun, ba ya tattara abin da mutane ke rubutawa. Amma ko da mun kyautata zato, abin da binciken ya tabbatar ya ishe mu: ikon yana nan, mai waya kuwa ba shi da hanyar sanin ko an yi amfani da shi.

Abin da ya sa ban ga uzuri ga mai riƙe mutane a tagarsa ba, shi ne tun 2015 aka samar da mafita. Google ya kawo Custom Tabs, Apple ya kawo SFSafariViewController, dukkansu kuwa burauzar gaskiya ce take leƙowa a saman manhajar, da adireshin da ita ta rubuta, ba tare da manhajar tana iya ganin abin da ke cikin shafin ba, kuma da an rufe ta mutum ya koma inda yake. Wanda ya san da wannan, ya zaɓi ya ci gaba da buɗe shafukan wasu a inda idonsa ke kaiwa, to ya kamata a tambaye shi dalili.

Ku kuma da ba ƙera manhaja kuke yi ba, in kuka danna mahaɗi a cikin wata manhaja, shafi ya buɗe yana neman kalmar sirri ko lambar kati ko BVN, alhali ba ciniki kuka fara da kanku a manhajar da kuka amince da ita ba, ku dubi kusurwar sama. Galibi akwai ɗigo uku, a ƙarƙashinsu akwai zaɓin buɗewa a Chrome ko Safari. Ku koma can, ku karanta sunan wurin daga dama zuwa hagu, kafin ku rubuta ko harafi ɗaya. Masu Android kuma su shiga Play Store su nemi Android System WebView, in an ce akwai sabuntawa kada su ji ƙyashin datar da zai ci, domin ta nan gyare-gyaren tsaro suke isa ga galibin tagogin da ke wayar a lokaci guda.

Lokaci ya yi mana halinsa. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki mas'alar iznin da manhajoji ke nema na kyamara da makirufo da jerin lambobin abokai, da abin da ya halatta mutum ya bayar da wanda ya kamata ya hana.